Geron Kantin Nasara

"Kwashe tsiyarka, tsoho," in ji Mushe, wato Malam Alkasum, mai sayen abincin 'yan makarantar lakwal a Zinder. "Yaranmu ba sa cin geron ƙauye."

Tahiru ya yi tsaye da jakinsa. Tun daga Guna ya taso, don in lakwal ta saya, ya huta da wulaƙancin dillalai.

Mushe ya kwance wani buhu, ya ɗebo, ya kai masa har hanci. "Ga gero! Daga kantin Nasara. Ka taɓa noma irinsa?"

Tahiru ya dubi buhun. Ga facin da ya yi masa da tsohon wandonsa, kafin dillali ya saye da araha makon jiya.

"Ranka ya daɗe, na taɓa," ya ce. "In yara sun cinye, a maido mini da wandona."