Tsagar Gado

Likita ta riga ta kunna na'urar lesa, mai goge tabo da haske, sai matar ta riƙe mata hannu.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Moriki, suka bar mata sara daga kunne har haɓa. Tun ranar take rufe kunci da mayafi. Da ta ji likitocin fata sun sauka Ƙaura Namoda, ita ta fara kama layi.

"Baiwar Allah, kada ki ji tsoro. Duk zan share miki, tabon da tamojin, har tsagar nan ta gado."

"A'a, likita. Saran kaɗai za ki ɗauke."

Bayan zama huɗu ta koma gida fuska a buɗe. Innarta, wadda ta daɗe da makancewa, ta shafa kuncin kamar kullum. Yatsun suka nemi saran suka rasa, suka tsaya cak. Sannan suka gangara kan tsagar, suna bi ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwa ta yi dariya.

"Ke ce, ɗiyata. Hannun wanzaminmu na nan. Na ɓarayin ne ya tafi."