Maiƙo a Jikin Gafaka

Da maiƙo a yatsuna na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko, ran nan. Wani ɗan ajinmu ne ya ba ni gasasshen nama cikin takardar siminti a hanyar Bilbalogho. Sai da na haɗiye ya tuntsure da dariya, ya ce na alade ne.

Na tarar da kakana, makaho, zaune a zaure bayan la'asar.

"Kai ne? Kana da alwala?"

"Ina da ita, Kaka."

"To, miƙo min Alƙur'anina."

Na sauko da gafakar fatar daga jikin ƙusa, na miƙa masa. Ya karɓa, bai buɗe ba. Ya kai ta hancinsa, ya daɗe yana shinshinawa. Har ƙarar baburan Zongo sai na ji kamar ta ɗauke.

Na jira bulala, ba ta zo ba. Ya goge gafakar da bakin rawaninsa, ya ce a hankali, "Hannu dai ruwa zai wanke shi. Bakin da ya ce 'ina da ita' fa?"

Yau furfura ta cika min kai. Amma duk alwalar da zan yi don karatu, a kurkurar baki nake daɗewa.