Kalmar da Ta Gagari Attahiru

Attahiru ya sake faɗin jimlar, ya sake ɓata ta. Malamar da ke koya masa Sifaniyanci ta waya ta yi shiru, irin shirun da takan yi duk sanda ya iso wurin nan.

Ya daɗe yana tsinkar tumatir a Sifen kafin a kama shi babu takardu, a maido shi Gwandu. Sifaniyancin da ya kwaso na gona ne: ruwa, akwati, yi sauri, gobe. Kalmomi yana da su, abin ɗaure su ne babu. Can ya baro 'yarsa Khairiyya tana tatata. Uwarta ta rasu, dangin uwa suka ɗauke yarinyar, labari ya yanke.

Bana wata ƙungiya mai haɗa dangin da suka rabu ta gano ta. Ta zama budurwa, ba ta jin Hausa, kuma kira ɗaya tak ta yarda da shi, ranar Lahadi. Ƙungiyar ta haɗa shi da wata mai sa kai don ta gyara masa baki. Murya kawai, ba hoto, kuma ita ma ba ta jin Hausa, da guntun Sifaniyancinsa suke lallaɓawa.

Kullum da hantsi sai ya hau babur zuwa Kalgo, gidan ƙanwarsa Zulai, inda sabis ba ya yankewa. Albasarsa na bushewa a fadama, bai waiwaye ta ba.

Abu ɗaya yake son faɗa wa 'yarsa: ban tafi don ina so ba, sai don an kore ni. Malamar ta nuna masa porque shi ne "don". Pero da sino duk kusan "amma" ne, sai dai in ka musa abu za ka kawo gaskiyarsa, sino ake sawa. Shi kuwa kullum pero ke fitowa. In ya ruɗe, sai ƙananan kalmomin su zube, abin da ya rage ya zama: na tafi, na so.

Wani lokaci takan bar darasi ta hau tambaya. Ya sake aure? Me ya hana shi neman yarinyar? Ya ba ta amsa gutsure-gutsure: ya sayar da gona, ya bi ta Agadas don ya koma Sifen, an maido shi, ya sake bi. Ta sa shi ya maimaita a hankali. Ya ɗauka gwaji ne.

Ranar Asabar ya roƙe ta, har da hawaye, ta shiga kiran ta taya shi magana. Ta ce ba za ta iya shiga tsakani ba.

Lahadi ya kasa cin komai. Zulai ta ɗauke tuwon, ta ce, "Yaya, ka faɗa yadda ya zo maka. Jininka ce."

Wayar ta yi ƙara. Fuskar wata budurwa ta bayyana, bakinta a rufe, tana kallonsa. Ya rintse ido ya fara. Rabin farko ya fita daidai. Ya iso tsakiya, harshensa ya zame, ya ce pero. Ya tsaya cak, ya san ya ɓata kira ɗayan da aka ba shi.

"Sino," in ji budurwar, da muryar malamarsa. "Sino, Baba."