Yara Uku da Baƙon Legas

Wallahi ba za ka yarda da wannan ba, abokina, amma tunda ka zo kana ƙorafin yara biyar kacal suka zo maka tirenin, zauna ka ji. Ni da kake gani tun a aji biyu na sakandare na yi sallama da boko, amma a harkar ƙwallo babu mai digirin da zai gaya mini komai. Wata damina, lokacin noman farko, iyaye suka kwashe mini yara zuwa gona. Kullum la'asar in na je filin firamare, uku nake tararwa: wani dogo mai tsaron gida, wani bahago, da wani guntu da rigarsa ke kai masa gwiwa. Su ma suna noma, sai dai da sassafe suke gama nasu. Sai in tsuke fili, in sa biyu su riƙa ba juna ƙwallo, ɗaya na farautarta a tsakiya. Kafin magariba kowa ya taɓa ta fiye da yadda zai taɓa a mako guda in da mu talatin ne. Yara na ta ƙwarewa, ni kuwa hankalina yana teburin mai shayi, inda na cika baki cewa yarana sun haura arba'in, har kocin ƙetaren kwalta ya ce zai zo ya ƙirga.

Sai na baza labari cewa ranar Asabar wani babban mutum zai zo daga Legas ya ɗebi 'yan wasa zuwa Turai. Na samo wani abokina mai facin taya a tashar garin gaba, na aro masa kwat da baƙin tabarau, na ba shi littafi da biro, na ce kada ya buɗe baki, ya dinga gyaɗa kai kawai. Tun hantsi yara suka yar da fartanya a gona suka cika fili, har da masu gemu da suka rantse shekarunsu sha huɗu. Kocin ƙetaren kwalta ya ƙirga har ya gaji. Ukun nan kuwa na tura su bayan raga ɗebo ƙwallo, don kada su ɓata mini tsari. Ana cikin haka iyaye suka biyo sawu. Wani dattijo ya ƙura wa baƙon Legas ido, ya ce, "Kai, ba kai ka yi mini facin keke ranar kasuwa ba? Har yau tayar sacewa take." Mutumina ya manta an hana shi magana, ya ce ai matsalar bawul ce, ba faci ba.

Nan take iyaye suka kai ƙarata gun mai unguwa, shi kuwa ko murya bai ɗaga ba. Ya ce gonaki bakwai ne ciyawa ta kwana a cikinsu saboda ni, in nome su kafin Juma'a, ko in manta da filin firamare. Cikin taron nan ko ɗaya bai waiwaye ni ba. Washegari na saɓa aron fartanya, ni da rabona da noma tun ina ƙarami, ina tafe ina tausaya wa bayana. Ina isa gonar farko na tarar ukun nan sun riga ni, har sun yi nisa. Guntun ya ɗago ya ce, "Koci, sunkuya mana. In ba mu gama da wuri ba, yau babu tirenin." Na sunkuya da sauri, don kada su ga idona. Har gobe ina gode wa Allah da ya ba ni su tun ban san darajarsu ba.

Saboda haka koma ka riƙe biyar ɗinka hannu bibbiyu. Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.