Ruwa Ya Cinye Hanyar Gafasa

Ta dunƙule ɗankwalinta ta danna a kan raunin da ke cikin mahaifinta, amma jini ya ƙi tsayawa. Babu kowa a gonar sai su biyu da shanun huɗa.

Mai adaidaitan da ta kira ya ce a waya, “Wallahi ruwa ya cinye hanya, 'yar nan. Fito da shi bakin titi, ina jira.”

“Baba, da me zan fitar da kai?”

Da ƙyar ya nuna amalanke. “Sa musu karkiya. Ki lallaɓa jan nan.”

Ta nufi jan san. Yana cin ciyawarsa hankali kwance, jinin Baba ko bushewa bai yi ba a ƙahonsa.