Manhajar Rabon Ruwa

Kwana huɗu ke nan Abdulwahab yana kallon jan rubutu iri ɗaya a sabuwar kwamfutar ƙungiyar manoman rani, a Bakura: ba a sami hanya ba.

Manhajar rabon ruwa ce ta ƙi hawa. Tsohuwa ce, ta kyauta, wasu bayin Allah suka rubuta suka bar wa duniya, kuma shekara tara ita ke faɗa wa kowane manomi ranar da za a sako masa ruwa. Tsohuwar kwamfuta ta mutu. Sabon tsarin girka manhajoji kuwa sai ya ɗauko ta, ya kai rabi, ya tofar. Albasa na yaushi a gonaki, manoma sun cika ƙofar ofis, shugaban ƙungiya kuma bai ɓoye ba: in Talata ta zo babu jadawali, Abdulwahab ya ajiye makulli.

Sa'arsa ɗaya, yana da Ɗan Juma. Tare suka yi karatu a Talata Mafara, kuma shi ya taso takanas daga Maradun ya haɗa masa kwamfutar, ya buɗe folda ya raɗa mata suna Ƙungiya, da ƙ ɗinta cas, don mutum ne mai kishin Hausa. Kullum yana gefe, yana taya shi tsaki.

Sun sauke, sun sake hawarwa, sun nemo tsofaffin kayan da manhajar ke dogaro da su ɗaya bayan ɗaya. Shiru.

"Bari in kai kukana dandalin masu manhajar," in ji Abdulwahab.

"Kak ka soma, abokina," in ji Ɗan Juma. "Dariya za su yi ma, su ce wa ka aiki da wagga tsohuwa har yau."

Talata ta zo, Abdulwahab ya miƙa makulli idonsa jawur. Shugaba ya roƙi Ɗan Juma ya riƙe ofishin. Sau biyu yana ƙi, sai da Abdulwahab da kansa ya sa baki ya karɓa. Kafin la'asar jadawali ya fito, Abdulwahab bawan Allah har da yi masa barka.

Amma abin ya tsaya masa a rai. Washegari ya shiga dandalin da wayarsa, ya rubuta jan saƙon nan. Ashe ba sai ya tambaya ba, wani ya riga shi, an kuma ba shi amsa a layi ɗaya: manhajar ba ta san haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ ba, in sunan folda na da ɗaya, girkawa za ta tsaya a rabi.

A ƙasa mai tambayar ya rubuta, "Na gwada, haka ne. Na gode." Abdulwahab ya duba kwanan wata: kwana uku kafin a haɗa masa kwamfuta.

Sunan mai godiyar Ɗan Juma Maradun.