Manomin da Ya Sare Gawon Gonarsa

Ƙawata Uwani, ara mini kunnenki kaɗan. Na ji ranar Asabar kwamitin iyaye zai zauna a kan soke darasin Alhamis, wanda yara ke yin waƙa da tatsuniya da zane da ɗinkin faifai, a ba lissafi da Turanci lokacin, wai jarrabawa ta matso. An ce ke ma kin karkata can. Ni ba na cikin kwamiti, ban ma taɓa zama a bencin aji ba, amma ga wani misali ki tafi da shi.

Wani manomi ne ya gaji gona mai itatuwan gawo bakwai. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya son ganin ko taku ɗaya na ƙasa a banza. Wata shekara ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya ce wannan itace ba ya haifar abin da mutum zai ci, ga ƙaya, da damina kowane itace na ado shi yana tsaye tsirara, ga shi ya tare wurin shuka. Wani dattijo maƙwabcinsa ya ce ya je ya dubi geron da ke gindinsu tukuna kafin ya ɗauki gatari. Ya yi dariya ya ce, “Baba, gero nake nomawa, ba inuwa ba.” Ya sare su duka, ya ƙone kututturan, ya ja kunya daga iyaka zuwa iyaka.

Shekarar farko ya samu ƙarin damma, har yana kiran mutane su ga rumbu. Ta biyu gero ya fito siriri. Ta huɗu ƙasa ta koma fari fat, zangarniya ba ta wuce tafin hannu ba. A nan ya gane aikin da itatuwan ke yi masa ba tare da sun faɗa ba. Ganyen da suke zubarwa a farkon damina shi ne takin gonar. Da rani shanun makiyaya a inuwarsu suke kwanciya, su ci 'ya'yan, su bar masa kashi. Tsiraicin da yake zagi kuwa, shi ke barin rana ta sauka a kan shuka. Ya nemo dashe ya dasa, to amma gawo ba kuɓewa ba ne. Furfura ta riga inuwar zuwa.

Uwani, darasin Alhamis shi ne gawon makarantar nan. Ba a ganinsa a takardar sakamako, amma shi ke ciyar da abin da ake gani. Kin san Raliyata, shekara biyu tana aji baki a ɗinke. Ranar da Malama ta sa ta ta yi tatsuniya a gaban 'yan'uwanta bakin ya buɗe, yanzu ita ke karanta wa ajin. Lissafin da ya gagare ta a allo, a faifai ta kama shi, ja uku, baƙi biyu. Ni kaina da waƙa na koyi karatu. Wata waƙar wa'azi na haddace a bakin turmi, da Allah Ya haɗa ni da takardarta sai na riƙa bi da yatsa, baki na faɗa, ido na ganewa. Ba na shakka, in kun sare wannan darasi bana za ku ga ƙarin maki, baɗi waccan ku nemi yaran ku rasa.

Manomin nan mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa, kuma da tuwon waɗannan shekaru aka raine ni. Har ya rasu, in ya bi ta gonar yakan girgiza kai ya ce Hausawa sun yi gaskiya: garin neman ƙiba an samo rama.

Ki kai misalin wurin taro, ki faɗe shi da ƙarfi. Amma mai gonar, don Allah ki bar shi a cikinki, kada kowa ya ji.